Ruwan Da Aka Ba Baƙo

A Gidan Ɗan'inna ba a kai ruwa baki sai an tace shi da bakin zane. Tafki ɗaya garin yake da shi, can gabas bayan kukoki, shanu su sha ta wannan gefe, mata su ɗiba ta wancan. Sau uku aka yi gayyar haƙa rijiya, sau uku yashi yana ruftawa tun ba a kai ga danshi ba. Famfon da ya fi kusa yana Aujara, wuni guda ne ga mai jaki in ya haɗa zuwa da dawowa.

Duk damina, daidai lokacin da gona take neman ƙafa, sai kurkunu ya kwantar da majiya ƙarfin garin. Ƙafa ta kumbura, ta yi ƙurji, ta fashe, farin zaren nan ya leƙo, a yi ta naɗe shi a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har wata biyu. Mutane sun saba. Cewa suke yi kowane gari da ciwonsa, wannan shi ne nasu.

Mashkura ce ta ƙi sabawa. 'Yar Ardo Idirisu ce, mai garin, kuma mace ta farko a nan da ta gama kwalejin horon malamai, ta dawo tana koyarwa a firamarensu mai aji biyu. Sunan mahaifiyar Ardo aka sa mata, Zulaihatu, aka sakaya da Mashkura. Shi kuwa Ardo ba ya kiranta sai da Uwata.

Ita ta fara nuna wa mutanen garin cewa rijiyar burtsatse ba sadaka ba ce da ake roƙo a ƙofar wani babba. Akwai rabon da gwamnatin jiha take yi a Dutse ƙarshen kowace shekara, ana ce masa kasafi. Abin da ya shiga cikinsa shi ake yi, abin da bai shiga ba sai a jira baɗi.

"Kamar kwasar tuwo ne," ta ce wa mata a bakin tafki. "Tukunyar ta kowa ce. Amma kwanon da ba a miƙo ba, ba ya samun malmala."

Da haka ta haɗa ƙauyuka bakwai na yankin suka yi ƙungiya, ita ce mai rubutu. Shekara uku tana kai wasiƙa ofishin ruwan karkara a Dutse, maza da mata sun dangwala babban yatsa har takardar ta koma kamar bayan zabuwa. Shekara uku ana ce mata mai ofishin ya fita. Ta san kowane benci na benen ofishin, ta san masinjan da yake amsa gaisuwa da wanda ba ya amsawa.

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ƙarshen damina, aka shigar da ita wurin wani jami'i mai furfura a gemu, Malam Muntaka. Ya karanta wasiƙar har ƙasa, abin da ba wanda ya taɓa yi.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba," ya ce. "Rijiya goma sha biyu aka ware wa shiyyarku a kasafin baɗi. Masu nema sun fi ɗari. Zan zagaya da kaina in gani da idona. Garin da ya fi jin jiki shi zan fara rubutawa. Ranar Alhamis ta sama ina garinku."

Mashkura ta fito tana ji kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. A motar Jahun ta yi ta lissafa waɗanda suke kwance. Mutum talatin da ɗaya, har da yayanta Hussaini, wanda kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, geronsa da dawarsa suka tsaya cikin ciyawa. In dai jin jiki ake nema, ai an zo gidansa.

Ta sami mahaifinta a zaure bayan la'asar, ta durƙusa ta faɗa masa. Ardo ya yi hamdala, ya shafa gemu, sannan ya ce a kira masa mai shela.

"Gobe gayya," ya ce. "A cike ramukan hanya tun daga mararraba. A sassabe ciyawa. A ɗaura wa shanu amalanke a je Aujara a ciko jarka shida."

"Jarka ta mece ce, Baffa?"

"Ta ruwan baƙo mana."

Ta ɗago kai. "Baffa, ai ruwan nan namu ya zo gani. Shi za a ba shi."

Ardo ya dube ta kamar ta yi magana da wani yare. "In ba baƙona ruwan da saniya ta yi fitsari a ciki? A gidana? Uwata, a makarantar taku ba a koya muku wannan ba?"

"An koya mana ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Wannan wankan na cikin banɗaki ne, ba na tsakar kasuwa ba. Ubana ya bi shanu daga nan har gabas, ya kwana uku bai ci ba, ya sauka gidan mutane aka kawo masa tuwo ya ce ya ƙoshi. Ba a taɓa ganin haƙarƙarinmu a waje ba. Mutum ya taso tun daga Dutse, sai mu tare shi da ƙuraje da ƙuda kamar masu bara? Zai ji bayani daga bakinmu. Mutumin kirki ne, kin ce."

"Ya ce da ido zai gani."

"To, zai ga mutane masu mutunci. Tashi ki je."

Kwana biyar garin bai zauna ba. Duk mai ƙafa ya fita hanya da kwando da fartanya, aka cike kwazazzabon da ruwa ya ci, aka daddaɓe. Mata suka share garin har bayan gida, suka shafa wa zauren Ardo farar ƙasa. Marasa lafiyan da suka saba kwanciya a gindin darbejiya suna korar ƙuda, aka ce kowa ya koma ɗaki ranar Alhamis, kada baƙo ya ga abin ƙyama. Ba wanda ya yi musu. Su kansu kunya suke ji.

Mashkura ta bi gida-gida tana roƙo. Tsofaffi suka yi mata dariya. Wata ta ce, "Malama, ke da kika yi boko, so kike a ce garin ubanki garin guragu ne? Wa zai ƙara zuwa neman aure a nan?" Hussaini kaɗai ya saurare ta har ƙarshe, yana kwance ƙafafunsa a kan buhu, tsinke biyu ɗaure da tsumma.

"Ni da za a ɗauke ni a ajiye a bakin hanya, wallahi ban ƙi ba," ya ce. "Amma wa zai ɗauke ni? Ke? Kin san Baffa."

Ranar Laraba ta je tafki ita kaɗai da kwalbar lemo, ta cika ta ba tacewa. Ruwan kore-kore, da 'yan ƙwari suna wutsil-wutsil a ciki. Ta toshe bakin da totuwa. Tana shigowa gida mahaifiyarta, Inna Luba, ta ɗago daga kan ƙwaryar da take dama fura, ta ga kwalbar, ta gane.

"Zo nan," ta ce. Ta kama hannun 'yarta da hannunta mai sanyin nono. "Shekara talatin da huɗu ina ɗebo ruwan nan a kaina. Ba wanda ya kai ni son rijiyar nan. Amma in kika fito da wannan a gaban jama'a, kin ce ubanki maƙaryaci ne a gaban baƙonsa. Ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba. Ki yi magana da baki, kin iya. Kada ki kunyata shi."

Mashkura ta janye hannunta, ta shige ɗaki da kwalbar. Da gari ya waye ta soke kwalbar a ƙugu, ta rufa mayafi a kai.

Malam Muntaka ya iso da hantsi a farar mota, shi da direba. Tun daga saukowa yake yaba hanya. Ya ce tun safe suke faɗawa ramuka, sai nan suka huta. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure, aka ɗebo ruwa daga sabuwar randa a kwanon sha mai murfi. Ya sha, ya ƙara, ya yi ajiyar zuciya.

"Kai, alhamdu lillahi. Ruwan nan da daɗi yake. Ardo, ashe kuna da abinku."

"Muna cikin rufin asirin Allah," in ji Ardo.

Aka ba Mashkura dama ta karanta jawabin ƙungiya daga bakin ƙofa. Ta karanta da murya a tsaye, ta faɗi tafki, ta faɗi mutum talatin da ɗaya. Malam Muntaka yana gyaɗa kai, ya buɗe wata takarda mai gidaje-gidaje a kan gwiwarsa.

"Masu kurkunun fa, Ardo? Yaya jikin nasu?"

"Da sauƙi. Da sauƙi ƙwarai."

Dattawan da ke zaune suka amsa baki ɗaya, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Ranka ya daɗe," in ji Mashkura, "tafkin ba nisa. Kuma yayana yana nan cikin gida."

"Uwata," Ardo ya ce a hankali, "baƙo ya sha hanya. A bari ya ci abinci."

Sai ga tire-tire na shinkafa da naman rago, ga fura da nono da aka dama da ruwan Aujara. Kwalbar tana ƙugunta, ta ɗumama da zafin jikinta. Hannunta ya shiga ƙarƙashin mayafi ya kama wuyan kwalbar. Taku uku ne tsakaninta da dardumar. Ta ɗaga ido, sai ta ga mahaifinta yana miƙa wa baƙo cinyar rago da hannu biyu, cikin babbar rigarsa ta Sallah wadda Inna ta ɗinke wa ɓarakar wuya jiya, fuskarsa cike da farin cikin mai gida da ya fita kunyar baƙonsa. Duk garin yana kallonsa. Ta tsaya. Ta ce a ranta bari a gama ci.

Kafin a gama ci aka kira azahar. Bayan salla direba ya ce saura gari huɗu, ga hadari yana haɗowa. Aka cika bayan mota da ƙwan zabi da man shanu. Malam Muntaka ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, na ji bayaninki. Allah ya sa mu dace." Motar ta bi hanyar nan mai laushi ta tafi.

Mashkura ta koma ɗaki ta ciro kwalbar ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta ci naman ba.

A watan Janairu aka karanta kasafi a rediyo. Aka faɗi sababbin gine-ginen ofisoshi, da fitilun titi, da gidajen saukar baƙi, da motoci. Ruwan karkara ya zo can ƙarshe, cikin numfashi ɗaya. Washegari ta hau mota zuwa Dutse.

Malam Muntaka bai ɓoye mata ba wannan karon ma. Ya juyo da takardar ya tura gabanta. Gidan Ɗan'inna: hanya mai kyau. Ruwan sha da aka gani, mai tsabta. Marasa lafiya da aka gani, babu. Sunan garin yana na arba'in da bakwai.

"Amma na faɗa maka, ranka ya daɗe. Da bakina."

"Kin faɗa. Kowane gari sun faɗa. Takardar nan abin da ido ya gani take ci. Kin san Zangon Ɗanladi, gaba da ku? Su a bakin hanya suka jera mini marasa lafiyarsu a kan tabarmi. Wata tsohuwa ta miƙo mini ruwan tafkinsu a ƙwarya ta ce sai na sha. Na kurɓa, na yi amai a gaban jama'a. Su ne na ɗaya." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ni ma ɗan ƙauye ne, Malama. Na yi zargin ruwan nan ba naku ba ne. Amma in tambayi dattijo a zaurensa ko ƙarya yake yi mini, bayan na ci ragonsa?"

Ta taga tana hango motar tanki a harabar ofishin, wani mutum yana riƙe da mesa yana shayar da furanni, ruwa yana malala har kan kwalta.

"Abin da furannin nan suka sha yau ya ishi garinmu mako guda," ta ce.

"Ba ni na dasa su ba."

"To wa ya ce goma sha biyu? Gari ɗari suna shan ruwan shanu, wa ya zauna ya ce goma sha biyu sun isa, sauran a sayi fitila? Don me za a sa mu gasar nuna ƙuraje da 'yan'uwanmu?"

Ya nuna sama da biro. "Masu rabon suna can. Ni abin da aka zuba mini a kwano nake rabawa. In kuna so ta zama hamsin, majalisa za ku je lokacin da ake sauraron jama'a, kafin a rufe na baɗi. Ku je da yawa."

Ba ta yi kuka a ofishin ba. Ba ta yi a mota ba. Ta dawo ta faɗa wa mahaifinta a tsaye, kalma uku, ya ce, "Allah bai nufa ba." Daga ranar gaisuwa kaɗai take haɗa su.

A watan Maris manyan motoci uku suka biyo ta garin, ɗauke da injin haƙa da tulin bututu, za su Zangon Ɗanladi. Babbar hanyar can ta lalace, aka ce musu ta Gidan Ɗan'inna ta fi. Direban gaba ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga hannu.

"Baba, sannunku da aiki! Wallahi ba don hanyar nan taku ba, da injin nan bai isa ba bana."

Ardo ya ce, "Madalla. Allah ya kiyaye hanya." Ya zauna yana kallon bayan motocin har suka ɓace. Ya daɗe a wurin.

Zangon Ɗanladi ya yi nisa ga mai tulu. Bazara ta matsa, tafki ya janye ya koma taɓo, ana yaƙutar ruwa da ƙoƙo. Sannan ruwan farko ya sauka ya wanke duk ƙazantar bayan gari ya zuba a ciki. Kwana huɗu bayan haka amai da gudawa suka shigo. Bakin zane ba ya tace wannan.

Inna Luba ta ɗebo ruwa da safe kamar kullum, ta ɗora koko. Da hantsi ta faɗi a bakin murhu. Kafin azahar idanunta sun zurma, fatar hannunta in an ja ba ta komawa. Mashkura ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ɗura mata, yana dawowa. Aka ɗora ta a amalanken nan da ya taɓa ɗauko jarka shida, za a kai ta asibiti, Hussaini yana kora shanu yana ɗingishi, Mashkura ta ɗora kan uwarta a cinya.

"Inna, yaya jikin?"

Leɓunan suka motsa. Sai da ta sunkuya ta ji. "Da sauƙi."

Ba su kai mararraba ba.

Mutum tara garin ya binne a mako biyu. Mashkura ta yi zaman makoki ido a bushe, mata suna cewa taurin zuciyar 'yan boko ne. Ba su san abin da take gani ba duk sanda ta rufe ido: taku uku, da darduma, da hannunta a wuyan kwalba. Ta koma aji. Ta ci gaba da bin ƙauyuka bakwai da takarda da tawada, har suka zama goma sha tara, har da Zangon Ɗanladi, waɗanda suka ce sun sha, amma ba za su sha su kaɗai ba. A shekarar aka ƙaddamar da shari'a a jihar, ko'ina zancen ke nan. Ita kuwa duk liman da ta samu sai ta tambaye shi hukuncin shugaban da ya shayar da fure ya bar mutum.

Da kaka ta zo aka sa ranar sauraron jama'a a majalisa. Ana gobe za a tafi, da yamma, Ardo ya aiko a kira ta. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Bai dube ta ba.

"Uwata, kwalbar nan tana nan?"

Ta tsaya cak a ƙofar zauren.

"Na gan ta ranar. Mayafinki ya zame kaɗan sanda kike karatu. Ina miƙa wa mutumin nan nama ina roƙon Allah a zuciyata kada ki fito da ita." Ya sunkuyar da kai. "Aka karɓa mini."

A nan kukan da ta riƙe wata biyar ya zo. Ta durƙushe a ƙofar zauren ta yi shi har ya ishe ta, shi kuma yana zaune hawaye yana bin gemunsa, bai share ba, bai ce ta yi haƙuri ba.

Da ta ɗauko kwalbar, ruwan ya bushe saura baƙin dabo a gindi. Ardo ya karɓa, ya ɗauki sandarsa, ya nufi gabas. Mata masu ɗiban ruwa suka dare suna kallon mai gari ya tattare riga ya shiga tafki har gwiwa, a gefen da shanu suke sha, ya cika ta da hannunsa.

Motoci huɗu suka tashi daga Aujara da sassafe. Hussaini yana ciki, wandonsa a naɗe, tabon ƙafafunsa a waje. Ba wanda ya yi musu alkawarin komai. Wataƙila a saurare su, wataƙila a ce lokaci ya ƙure. Suka wuce Jahun, suka wuce Kiyawa, duwatsun Dutse suka bayyana da dabinai a gindinsu.

A ƙofar majalisa wani ɗan sanda mai fara'a ya ga rawani da furfura, ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya? Yaya gida, yaya jama'a?"

Mashkura ta ga bakin mahaifinta ya buɗe da amsar da ya yi shekara saba'in yana bayarwa. Ta ga ya rufe shi. Ya ciro kwalbar daga aljihun rigarsa ya riƙe ta a fili, inda kowa zai gani.

"Ba lafiya ba, ɗana," ya ce. "Ina ne ake shiga?"